Lambar da Na Rubuta da Hannuna

Abubuwa da yawa na zamana a Samaru sun fara dusashewa a kaina, har sunayen wasu da muka yi aji ɗaya sai na yi da gaske nake tunowa. Amma abin da ya faru tsakanina da Anti a kan wata 'yar lamba, wannan kam ko na tsufa har na daina gane jikokina, ban jin zai fita daga raina.

Lokacin ina digiri na biyu a fannin kwamfuta. Gidanmu yana Hanwa, amma na kama ɗaki a Samaru don in rage wa kaina zirga-zirga. In faɗi gaskiya, a wancan zamanin ina ji da kaina ba kaɗan ba. Mu mata a ajinmu ba mu da yawa, kuma ni ce wadda ake aikowa a kira in kwamfutar wani malami ta ƙi tashi. Wannan ya kumbura mini kai sosai. Ina yawo da filash, 'yar ma'ajiyar manhajojina, rataye a wuya kamar laya, in an tambaye ni abu ba na cewa ban sani ba, ko da kuwa ban sani ba ɗin.

Anti ita ce maƙwabciyar ɗakina a gidan hayar. 'Yar kudancin Kaduna ce, malama a wata kwalejin koyon aikin gona, ta kusa hamsin, ta baro miji da 'ya'ya a gida ta zo yin digiri na uku. Kowa a gidan Anti yake ce mata, har mai gidan da ya girme ta. Ranar Lahadi in ta dawo daga coci sai ta ɗora faten acca a tukunyar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya, ta leƙo ɗakina ta ce, "'Yar Hanwa, rufe wannan injin ki zo ki ci abinci, kin rame kamar ba ki da dangi a garin nan." Da azumi kuwa, ita da ba ta yi, ita ce ke tuna mini in jiƙa tsamiya tun la'asar. Har yau in na ji ƙamshin yakuwa a fate sai na tuno barandar gidan nan.

Bincikenta a kan tumatir ne na noman rani. Rani uku ta yi tana zuwa wata gona wajen Shika, tana rufe wasu kunyoyi da ƙaiƙayin shinkafa, wasu ta bar su haka, tana auna zafin rana da iska da danshin ƙasa. Abin da take son nunawa shi ne, in manomi ya rufe ƙasarsa da ƙaiƙayi, ruwan da zai ba tumatir zai ragu. Awo ta tara shi littafi-littafi. Inda ta maƙale shi ne lissafin, a nan kuma na shigo.

Akwai wani laburare da masu irin wannan bincike suke amfani da shi. A sana'armu laburare ba ɗakin karatu ba ne, tarin lissafi ne da wasu suka riga suka rubuta suka saka a intanet kyauta, kai kuma ka ɗauko ka mora maimakon ka fara daga tushe. Matsalar ita ce an rubuta shi da yaren C, Anti kuwa ɗan yaren Python ɗin da na koya mata shi ne iyakar abin da ta iya. Sai na rubuta mata wani ɗan shiri da zai tsaya a tsakani, ya karɓi tambayarta da yaren da ta iya, ya miƙa wa laburaren, ya dawo mata da amsa. Irin wannan shirin mu a tsakaninmu gada muke ce masa.

Shi laburare kuma, duk lokacin da masu shi suka yi masa gyara sai su fitar da sabuwar siga da sabuwar lamba. Ƙa'ida ita ce in an tambayi gada wace siga ce take aiki da ita, ta je ta tambayi laburaren ta kawo amsarsa. Haɗa wannan ba zai ci mini fiye da rabin awa ba. To ranar da nake rubutun an ɗauke wuta tun safe, batirina ya yi ja, Anti tana tsaye a kaina tana jira ta gwada. Na duba na ga wanda ke cikin filash ɗina 2.4 ne, sai kawai na rubuta 2.4 da hannuna a cikin gadar, na ce in wuta ta dawo zan gyara. Wuta ta dawo da yamma. Ni kuma na riga na tafi wani abin.

Bayan kusan shekara, Farfesan da ke duba aikin Anti ya samu sabuwar kwamfuta a ofis, ya aiko in zo in saka masa irin abin da na saka mata. Ranar filash ɗina ba ya wuyana. A wancan zamanin filash mai manhajoji ba na mutum ɗaya ba ne, saboda data tsada gare ta, intanet ɗin kuma sai ya ga dama. Wani ya ara, wani ya karɓa a hannunsa, sai ka yi sati kana cigiyar abinka daga wannan ɗaki zuwa wancan. Na yi sa'a intanet ɗin ofis yana gudu ranar, sai na sauke laburaren kai tsaye, wanda na tarar a sama shi na ɗauka, na ɗora gadata a kai. Na gwada, ya yi aiki. Farfesa ya sa mini albarka, na fito ina taƙama. Ko kaɗan bai zo mini a rai in duba lambar abin da na sauke ba.

Farfesan nan dattijo ne mai tsantseni, kuma yana da wata ɗabi'a da ɗalibai ke tsoro. Kafin ya sa hannu a kan kundin ɗalibi, sai ya karɓi ɗanyen awon ya sake lissafin da kansa a kwamfutarsa. Da Anti ta gama rubutu ta kai masa, haka ya yi. Sai alƙalumansa suka ƙi zama ɗaya da nata. Bambancin ba mai yawa ba ne, amma duk ya karkata gefe guda: a kundinta ƙaiƙayin ya fi rage ruwa fiye da yadda kwamfutarsa ta nuna. Duk wanda ya kalli takardun biyu, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne an ɗan taɓa alƙaluman don sakamako ya yi kyau.

Wata ranar Talata da hantsi aka kira ni ofis. Na tarar da Anti zaune, ta ɗora jakarta a cinya ta riƙe da hannu biyu, kwamfutarta a buɗe kusa da ta Farfesa.

Farfesa ya ce, "Ke kika saka mana abin nan mu biyu. Ina so ki duba mini, abu ɗaya muke amfani da shi ko kuwa?"

Na ja kujera. Na tambayi kwamfutar Anti siga, ta ce 2.4. Na tambayi ta Farfesa, ta ce 2.4. Na duba ɗanyen awon, iri ɗaya ne. Da a nan na tsaya na ce ban gane ba, a ba ni lokaci, da ban yi wannan rubutun ba yau. Amma na ga dattijo yana kallona yana jiran hukunci, bakina kuma ba ya iya zama a rufe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, komai ɗaya ne. Awo ɗaya, laburare ɗaya, siga ɗaya. Kwamfuta ba ta ƙarya. In amsa ta bambanta, to sai dai in hannu ne ya shiga."

Wallahi ina faɗa ban ma kawo Anti a raina ba. Ni dai ina nuna na iya ne. Sai da na ga Farfesa ya cire tabarau ya ajiye, na juya na ga fuskarta, sannan na gane hannun wa na ambata.

Farfesa ya ce, "Malama, na san ki da mutunci, shi ya sa ba zan yi gaggawa ba. Na ba ki mako guda ki kawo mini bayani. In babu, dole in rubuta wa kwamiti."

Kowa ya san abin da rubuta wa kwamiti yake nufi. Ba digirin kaɗai za ta rasa ba. Takarda za ta bi ta har kwalejin da take koyarwa, a ce malamar da ta yi shekaru tana kama ɗalibai da satar amsa ita ma an kama ta da ƙirƙirar alƙaluma. Matar da ke tsayawa gaban zumuntar mata a coci tana yi musu wa'azi, da wane ido za ta koma garinsu?

Anti ta ce, "Na gode, Farfesa." Ta rufe kwamfutarta ta fita. Ba ta kalle ni ba.

Kwana uku muna gaisawa sama-sama a bakin famfo. Ina jin ta a ɗaki tana ta maimaita lissafin, amsa ɗaya take samu, irin ta kundinta. Ni kuma, Allah ya yafe mini, har na fara gaya wa kaina wataƙila dai ta taɓa ɗin, mutum in ya gaji ai yana iya komai. Hakan ya fi mini sauƙi a kan in zargi aikina.

Ranar Asabar da safe ta ƙwanƙwasa ƙofata. Ta ce, "Ƙanwata, raka ni Sabon Gari wurin mai gyaran kwamfuta. Tunda ni na san ban taɓa komai ba, ke kuma kin ce abinki lafiya lau, to injin nan ne ke da ciwo. A wanke shi tas a sake zuba komai." Na so in ce mata ba haka kwamfuta take ba, amma kunya ta hana ni. Na ɗauko filash ɗina, wanda ranar Talatar na kwafo fayilolin Farfesa a ciki, na bi ta. Muka hau bas daga Samaru, muka wuce Kwangila, muka sauka a kasuwa.

Mai gyaran nata wani mutum ne mai ɗan shago a cikin layin masu kayan wuta, shagon da in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya fito. Oga ake ce masa. An haife shi a Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa gudu, sai dai yana yayyafa mata Turancin kasuwa. Yana ganin kwamfutar ya juya ta ya nemo sukundireba.

Na ce, "Oga, ba sai ka buɗe ba, ga takardar bayaninta nan manne a jiki."

Ya yi dariya. "Sista, ni ba na karanta sitika. Kin san nawa ake kawo mini da sitika ta ce kaza, in buɗe in tarar da kaza? Sitika ai mutum ne ya manna. Abeg bari in ga cikin da idona."

Ya duba ya ce injin lafiyarsa ƙalau. Anti ta ce duk da haka a wanke. Kafin ya wanke sai ya ce zai adana fayilolinta, ya karɓi filash ɗina ya fara kwafa. Can kwamfutar ta tsaya ta yi tambaya: akwai fayil mai wannan sunan a ciki, a danne shi? Fayil ɗin laburaren ne, na Farfesa da na kwafo, ga kuma na Anti yana son shiga.

Na ce, "Danne kawai, abu ɗaya ne."

Oga bai danna ba. Ya matso da fuskarsa kusa da allon, ya sa yatsa. "Abu ɗaya ina? Suna ne ɗaya. Dubi nauyinsu. Wannan ya fi wannan ƙiba. Dubi ranar haihuwarsu ma, akwai wajen shekara a tsakani. Madam, waɗannan wa da ƙane ne, ba tagwaye ba."

Ana ta hayaniya a layin, janareto na ruri, wani na gwada lasifika, amma ni abin da nake gani shi ne ranar da batirina ya yi ja. Na ce ya ba ni wuri. Na buɗe gadar, na gangara, ga ta nan zaune inda na bar ta: 2.4, rubutun hannuna. Na rubuta 'yan layukan da ya kamata in rubuta tun farko, na tsallake gadar na tambayi kowane laburare da kansa. Na Anti ya ce 2.4. Na Farfesa ya ce 2.6. Ashe ranar Talata ba kwamfutocin ne suka ba ni amsa ba. Ni ce na tambayi kaina sau biyu, na ba kaina amsa sau biyu, na kuma kafa hujja da ita a kan baiwar Allah.

Ba zan ɓoye ba, shaiɗan ya zo mini a wurin. Daga Anti har Oga ba wanda ya san abin da nake kallo. Ina iya cewa masu laburaren ne suka yi shirme, in gyara layin a ɓoye, Anti ta fita, ni ma sunana ya tsira. Na kai minti guda hannuna a kan madannai. Sai na ɗago na ga ta zauna a kan wani tsohon akwatin talabijin, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafarta da ta kumbura, idonta a ƙasa.

Na ce, "Anti, injinki ba shi da ciwo. Ke ma ba ki taɓa komai ba. Ni ce."

Na yi mata bayani ina kuka, a tsakiyar kasuwa, Oga yana miƙo mini tsumman goge allo wai in share hawaye. Ta saurara har na gama. Abin da ta ce kawai shi ne, "Za ki iya faɗin wannan a gaban Farfesa?" Na ce zan iya.

Ranar Litinin na faɗa. Na nuna masa layin, na nuna masa amsoshin biyu. Muka karanta bayanin masu laburaren, ashe a sabuwar sigar sun gyara yadda ake lissafa ruwan da iska ke kwashewa. Na cire sabon daga kwamfutarsa na saka tsohon, ya sake lissafin da hannunsa, alƙaluma suka fito daidai da na kundin Anti, ba ragi ba ƙari. Dattijon nan ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya miƙe tsaye, abin da ban taɓa ganin ya yi wa ɗalibi ba, ya ce, "Malama, na yi miki mummunan zato. Ki yafe mini." Ni kuwa ya kalle ni ya ce, "Ke kuma, wannan da kika zo kika faɗa ya fi duk abin da kika taɓa saka mini a kwamfuta. Amma ki rage sauri."

Sunan Anti ya wanku, sai dai abin bai tafi a banza ba. Tunda sabuwar sigar ce mai daidai, dole ta sake lissafin babi biyu da ita. Ƙaiƙayin dai yana rage ruwa, amma bai kai yadda ta rubuta da farko ba. Ta rasa zangon da za ta kare kundinta, ta ƙara wata shida a Samaru nesa da iyalinta, har bikin 'yar yayarta da ta ci buri a kai sai kwana ɗaya ta yi ta dawo. A watannin nan ni ce ɗalibarta kuma 'yar aikenta. Kowane teburin alƙaluma sai mun bi shi tare, kuma a ƙasan kowanne sai na rubuta sigar da laburaren ya faɗa da bakinsa. Ta koma kirana 'yar Hanwa, ta koma yi mini tsiya a kan ramata, amma maganar ofis ɗin nan ba ta taɓa tayar da ita ba. Shirun ya fi damuna a kan a ce zagina ta yi.

Sai ranar da za ta bar Samaru, an gama ɗaure kayanta a mota, na kasa haƙuri. Na ce, "Anti, wata shida na ci miki saboda lamba ɗaya. Don Allah ki yi mini faɗa ko sau ɗaya ne, in samu sauƙi."

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce, "Lambar? Ai wannan kuskure ne, ƙanwata, kowa na yi. Ni ma na taɓa zuba taki a kunyar da ba ita ba. Wata shida kuma ba su kashe ni ba." Sannan ta ƙara da cewa, "Abin da ya yi mini ciwo guda ɗaya ne. Ranar nan kin tambayi injina, kin tambayi injin Farfesa. Ina zaune kusa da ke, gwiwarmu har tana taɓa juna. Amma ba ki juyo kin tambaye ni ba, ki ce, Anti, kin taɓa ko ba ki taɓa ba?"

Ta rungume ni, ta shiga mota, suka tafi.

Yau shekaru sun ja, ina da matasa da ke aiki a ƙarƙashina, kuma sun san ni da jaraba a kan abu guda: ba a rubuta lambar siga da hannu, a je a tambayi mai ita. Suna ɗauka tsabar ƙa'ida ce. Amma babban abin da na koya ba na kwamfuta ba ne. Allo yana maimaita abin da wani ya saka masa ne, kuma wannan wanin yana iya zama ni a ranar da nake sauri. Don haka duk lokacin da allo ya ce kaza, mutum ya ce ba haka ba ne, ba na buɗe baki in yanke hukunci sai na fara zargin aikina, sannan in juya kujerata in kalli mutumin in tambaye shi.